Yadda Ake Kare Kyamarar Bidiyo Daga Ruwa, da Yadda Ake Zaɓar Mai Sauƙin Kuɗi

Duk mai ɗaukar bidiyo, na biki ne, na fim ne, ko mai haɗa shirye-shiryen YouTube, wata rana aiki zai kai shi bakin ruwa. Ko a sa biki a tsakiyar Agusta hadari ya taso ana cikin kamu, ko mai gonar kifi ya ce a nuna wa masu saye yadda tarwadarsa ke wawason abinci a tafki, ko a gayyace ka Argungu ka tsaya a gaɓar kogin Matan Fada, masunta su afka ruwa da homa da gora, taɓo yana fantsama ko'ina. Na daɗe a wannan aiki, kuma yawancin kyamarorin da na ga ruwa ya kashe, ba araharsu ce ta kashe su ba. Silin gashi ne ya kwanta a kan zoben robar da ke tare ruwa a bakin murfi, ko murfin batir bai rufu ba, ko an yi gaggawar buɗe kwanso, wato gidan da ake rufe kyamara a ciki, da jiƙaƙƙen hannu. Saboda haka rabin aikin a gida ake gama shi, tun kafin a ga ruwan.

Kayan da za ka tanada

- Kyamara, da kwansonta na shiga ruwa idan tana buƙata.
- Batir aƙalla biyu, cike da caji.
- Katin ajiya mai alamar V30 ko U3, wanda ba ya yin ƙasa da megabayit 30 a daƙiƙa wajen rubutu.
- Man silikon na shafa wa zoben roba, da zobe guda na ko-ta-kwana.
- Ƙullin silika, wato 'yan ƙananan fakitocin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka.
- Ƙyalle mai laushi na goge tabarau, da tawul busasshe guda biyu.
- Tishu, bokiti ko duro, da jarkar ruwa mai tsabta.
- Igiyar ɗaurawa a hannu, da abin da zai sa kyamara ta taso idan ta kuɓuce.
- Leda mai kauri wadda ake ganin abin da ke cikinta, robar ɗaure kuɗi, da baƙin salatif na masu wayarin.
- Doguwar sanda mai mariƙin kyamara, da rigar hana nutsewa idan za a hau kwale-kwale.

Daga cikinsu, man silikon ne aka fi wahalar samu. Ka tambayi masu sayar da kayan famfo da matatar ruwa, ka kuma tabbata an rubuta silikon zalla a jikinsa. Basilin da giris ɗin mota ba sa maye gurbinsa, domin daga fetur aka yi su, suna kumbura wasu robobin su lalata su.

Mataki na 1: Ka san irin ruwan da za ka shiga

Ruwan aikinmu iri uku ne. Akwai na sama da feshi: yayyafi, marka, ko tsayuwa kusa da magangarar Gurara inda iska ke watso maka ruwa. Akwai na saman ruwa zuwa zurfin mita 2 ko 3: tafkin kifi, wurin ninkaya na otal, bakin dam, ko tafkin ruwan ɗumi na Wikki a Yankari. Sai kuma nutso na gaske, wanda ke buƙatar horo da tukunyar iska.

Mafi yawanmu ba ma wuce na biyun. Kogunanmu da damina jajaye ne saboda laka, in ka miƙa hannu a ciki da ƙyar za ka ga yatsunka. Kyamarar da ke jure mita 60 ba za ta nuna maka komai a ruwan da ba a ganin rabin mita ba. Kada ka biya kuɗin zurfin da ba za ka taɓa zuwa ba. Ka kashe kuɗin a batir, kati mai kyau da kwanso.

Mataki na 2: Ka iya karanta lambobin jikin kwali

Za ka ga IP da lamba biyu. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. In an sa X, ba a bayar da sakamakon wannan ɓangaren ba. IPX4 na nufin tana jure feshi kawai. IPX7 na nufin an tsoma ta a zurfin mita 1 na minti 30. IPX8 ta wuce mita 1, amma kamfanin ne ke faɗin iyakarta, don haka sai ka nemi adadin. IP68 ɗin wayoyin Samsung na jerin S mita 1.5 ne na minti 30, na iPhone 12 zuwa 15 kuwa mita 6 ne na minti 30.

A ruwan daɗi mai kwanciya ake wannan gwaji, da sabuwar na'ura. Ba a yi shi a ruwan gishiri ba, ba a yi da wanda ya yi tsalle ya faɗa ruwa da waya a hannu ba. Kuma wayar da aka taɓa buɗewa don canza sikirin ko batir, ka ɗauka kariyarta ta tafi, domin gam ɗin da ya rufe ta ba kasafai yake komawa yadda yake ba. Garantin waya ma galibi ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa.

Sai nauyin ruwa. Duk zurfin mita 10 yana ƙara matsi daidai da na iskar da muke ciki, wato a mita 10 matsin ya ninka. Shi ya sa jakar roba mai laushi ke manne wa kyamara tana danna madannai da kanta in an yi ƙasa da ita.

Mataki na 3: Zaɓar kyamara

Ana cewa araha ba ta ado, amma a nan akwai mai sauƙin kuɗi da za ta fitar da kai kunya, matuƙar ka san me kake saye.

Rukunin farko su ne 'yan ƙananan kyamarorin da jikinsu ba ya jure ruwa, amma suna zuwa da kwanson roba mai tauri a cikin kwali, irin su Akaso EK7000 da SJCAM SJ4000, waɗanda aka rubuta kwansonsu na kai mita 30 ko fiye. Su ne mafi araha. Da rana tsaka a ruwa mai haske hotonsu ba laifi. Rauninsu shi ne duhu da girgiza, kuma sauti a cikin kwanso kusan babu. Yawancin marasa suna da ke cika kasuwa da rubutun 4K, wato babban hoto mai fitowa tar, ƙaramin hoto suke ɗauka su kumbura shi. Ga yadda za ka gane a shago: ka ɗauki shafin jarida daga nisan mita 1 a kan saitin 1080, wanda bai kai 4K girma ba, ka sake ɗauka a kan 4K, ka buɗe duka biyun a kwamfuta ka zuƙo rubutun. In ƙananan haruffa ba su ƙara fitowa ba, 4K ɗin a kwali kawai yake.

Rukuni na biyu su ne masu shiga ruwa da jikinsu. GoPro ta jerin Black tun daga Hero5 Black ta 2016 tana shiga mita 10 ba kwanso, sababbin kuma da kwanson kamfanin suna kai mita 60. DJI Osmo Action 3 tana kai mita 16, Action 4 mita 18. Sababbi fil suna da tsada, amma duk lokacin da aka fitar da sabuwa, ta baya tana sauka. A ra'ayina, ga mai neman abinci da bidiyo, ta hannu mai lafiya daga wannan rukuni wadda ta yi shekara biyu ko uku da fitowa ta fi sabuwar mara suna, musamman saboda yadda take danne girgiza. A cikin ruwa ba ka da ƙasar da za ka kafa ƙafa, hannu kuwa ba ya tsayawa.

Rukuni na uku su ne kyamarorin aljihu masu tauri, irin Olympus Tough TG-6 da magajiyarta TG-7 masu kai mita 15. Suna zuƙo abu daga nesa, suna kuma ɗaukar ƙananan abubuwa daf da ido, abin da waɗancan ba sa iyawa. Mai son nuna 'ya'yan kifi a ƙyanƙyasa zai ji daɗinsu.

In ta hannu za ka saya, ko a Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko wurin wani abokin sana'a, ka zauna ka duba ta da kyau:

- Ka buɗe murfin batir ka kalli robar bakinsa a haske. Tsaga, lotsawa, ko robar da ta bushe, duk dalilin fasawa ne, ko a rage maka kuɗin sabon murfi.
- Ka leƙa ramin caji. Kore-kore ko farin gari a kan ƙarafan ciki alama ce ruwa ya taɓa shiga.
- Ka ciro batir ka ajiye a kan tebur. In ya kumbura, ko yana fita da ƙyar, ka san sai ka sayi wani.
- Ka kalli gilashin gaba a karkace. Hazo ko tabon busasshen ɗigo daga ciki ba ya goguwa.
- Ka dudduba kusurwoyi. Wadda ta sha faɗuwa jikinta na iya buɗewa kaɗan a inda ido ba ya gani.
- Ka bar ta tana ɗauka minti 15 a gabanka, ka ga ko za ta mutu da kanta.

Ko da ta tsallake duka, ni dai ta hannu ba na tsoma ta tsirara. Ina saya mata kwanso. Kuɗinsa kaɗan ne a kan kuɗin kyamara. Katin ajiya ma akwai jabu da yawa, don haka ka cika shi da bidiyo tun a gida, ka kalli na farko da na ƙarshe ka ga duk suna buɗewa.

Mataki na 4: In ba za ka sayi sabuwa ba

Don ruwan sama, babbar kyamararka ta biki za ta yi aiki da rigar leda. Ka ɗaura farin gilashin kariya na UV a gaban idon kyamarar, ka sa hular ido, wato robar nan da ake ɗaurawa a bakinsa don kare shi daga hasken rana. Ka zura kyamarar cikin leda, ka huda gindin ledar daidai faɗin hular, ka fito da bakin hular ta ramin, ka ɗaure da roba biyu, ka bi da salatif. Bakin ledar ya kalli ƙasa, a buɗe: ta nan hannunka zai shiga, ta nan kuma iska za ta riƙa zagayawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure ledar ruf, sai zafin kyamara da gumin hannu su taru, ta jiƙe daga ciki. Ka samu yaro ya riƙe maka lema, ka sa tawul a wuya. Wannan riga ta ruwan sama ce kaɗai, ba ta tsomawa ba ce ko na daƙiƙa ɗaya.

Don leƙa ƙarƙashin ruwa da babbar kyamara, akwai dabarar da nake so ƙwarai: akwatin gilashi na kiwon kifin ado. Ka samu wanda tsayinsa ya kai santimita 40, ka cika shi da ruwa ya kwana don ka tabbata ba ya yoyo, sannan ka zubar ka busar. Ka shimfiɗa tawul a ciki, ka kwantar da kyamara, bakin idonta ya manne da gilashin gefe, ka lulluɓe bayanta da baƙin ƙyalle don kada hoton kanta ya dawo. Mutum biyu su riƙe akwatin su danna shi cikin ruwa, a bar aƙalla santimita 15 a sama. Zai riƙa turo ku, don haka ka sa ƙunshin yashi a leda a gindinsa. Da wannan za ka samu hoton nan mai rabi sama rabi ƙasa, mai gona yana watsa abinci, kifi na tasowa. A tafki mai kwanciya kawai ake yinsa, ban da kogi mai gudu ko wurin da yara ke tsalle.

Jakar waya ta roba mai makulli a baki tana yi a mita 1 ko 2. Sikirin ba ya jin yatsa a cikin ruwa, saboda haka ka kunna ɗauka tun a sama, ko ka yi amfani da madannin ƙara sauti. Ka matse iskar jakar, robar ta kwanta sumul a kan idon wayar, in ba haka ba hoton zai yi dishi-dishi.

Mataki na 5: Gyaran zoben roba

A nan nake so ka fi natsuwa, domin wannan siririn zoben da ke zagaye da bakin murfi shi kaɗai ne tsakanin kyamararka da ruwa. A ɗaki ake wannan aiki, a kan tebur mai tsabta, da haske sosai, an kashe fanka. Ba a yinsa a bakin kogi inda iska ke ɗauke da yashi.

Ka wanke hannu. Ka sa babban yatsa da manuni a gefe biyu na zoben, ka tura su wuri ɗaya har ya ɗan tashi ya yi kunne, sai ka zare shi. In ya ƙi, ka taimaka da gefen tsohon katin banki. Kada allura, reza ko tsinke su kusance shi. Ka ja shi a hankali tsakanin yatsu biyu, kana ji. Yatsa yana gano ƙwayar yashi da tsagar da ido bai gani ba. Ka goge shi da ƙyallen tabarau, ka naɗe bakin ƙyallen ka bi ramin da yake kwanciya a ciki. Auduga ba ta dace ba, tana barin zare, kuma zare ɗaya ya isa ya zama hanyar ruwa.

Sai ka lakato man silikon ɗan mitsitsi, ka murza a yatsu, ka bi zoben da shi har ya yi sheƙi kawai. Man ba ya toshe ruwa. Aikinsa ya sa roba ta zame ta zauna daidai. In ya yi yawa, ƙura da gashi yake kamawa. Ka mayar da zoben ba tare da ya murɗe ba, ka zagaya da yatsa ka ji ya kwanta ko'ina.

Wasu kwansunan masu araha da murfin batir na GoPro da DJI, robarsu a manne take, ba a cire ta, ba a kuma shafa mata mai. Ita gogewa kawai take so da ƙyalle mai ɗan danshi. Ka duba takardar kayanka.

Lokacin rufewa, ka kalli bakin murfi zagaye: igiyar hannu, gefen ƙullin silika, ko zaren tawul kada ya maƙale. Makulli ya rufu da ɗan ƙarfi kamar yadda ya saba. In ya yi tauri fiye da kullum, akwai abin da ya tokare. Ka buɗe ka duba, kada ka danne.

Mataki na 6: Gwaji, ba kyamara a ciki

Sabon kwanso ma sai an gwada shi. Ka cusa busasshen tishu a ciki, ka rufe, ka tsoma a bokiti ko duro, ka danne da dutse. A minti na farko ka zuba ido kamar yadda mai faci ke kallon tub a ruwa. Kumfa biyu ko uku da suka maƙale a jiki suka tashi ba komai ba ne. Kumfar da ke fitowa a jere daga wuri ɗaya ita ce yoyo. Ka danna kowane madanni sau da yawa yana cikin ruwan, domin su ma suna da 'yan ƙananan zobba. Ka bar shi minti 30, ka fitar, ka goge bayansa sarai, sannan ka buɗe ka taɓa tishun.

In kyamarar mai shiga ruwa da jikinta ce, ka cire batir da kati, ka sa ɗan tishu a gidan batir, ka rufe, ka tsoma na ɗan lokaci. Ko da ta yi yoyo, babu wutar da za ta ƙona ta.

A wurin aiki ma ka sake ɗan gwaji: tsoma na daƙiƙa 5, ɗaga ka duba, tsoma na rabin minti, sake dubawa. Kwanso mai tauri ya fi yin yoyo a kusa da sama, domin a can ƙasa nauyin ruwa yana ƙara matse murfi a kan zobe. Saboda haka mintunan farko ne suka fi haɗari.

Mataki na 7: Maganin gumin gilashi

Wannan ya fi yoyo ɓata aiki a damina. Iskar da ka rufe a kwanso tana ɗauke da danshi, kyamara ta yi zafi, ruwan waje ya sanyaya gilashi, sai hazo ya kwanta a daidai gaban ido. Ka rufe kwanso a wuri mai busasshiyar iska, ɗaki mai esi ko cikin mota da esi a kunne. Ka sa siririn ƙullin silika a gefen kyamara. Wanda ya daɗe a waje ya riga ya ƙoshi da danshi. Ka zazzage ƙwayoyin a busasshen kasko a wuta kaɗan-kaɗan, in sun huce ka adana a kwalba mai murfi, ka riƙa ƙullawa a ɗan ƙyalle. In babu silika, siririn yankin audugar mata ko na kunzugun jarirai yana tsotse danshi, yana kuma kama ɗigon farko in yoyo ya fara.

Kada ka bar rufaffen kwanso a rana. Ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, ko ka ajiye a bokitin ruwa a inuwa, kyamara a kashe har sai za a ɗauka.

Mataki na 8: Saiti kafin ka rufe

Wi-Fi da Bluetooth ba sa ratsa ruwa, da zarar ta nutse waya za ta daina ganinta, don haka ka kashe su batir ya huta. Ka kulle sikirin, domin ɗigon ruwa yana canza saiti kamar yatsa. Ka sa hoto 60 a daƙiƙa, ka samu damar rage gudunsa wajen tacewa. Motsin ruwa da na kifi sun fi kyau a hankali. Ka kunna mai danne girgiza, ka zaɓi ido mai faɗi, domin ta bayan shimfiɗaɗɗen gilashi komai yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, fili kuma ya tsuke.

Ruwa yana shanye launin ja kafin sauran, a wajen mita 5 kusan ya ɓace. A tafkunanmu marasa zurfi ba ka buƙatar jan gilashin gyara launi, zai ma mayar da hotonka ja. 'Yan'uwanmu na Port Sudan da ke nutso a Bahar Maliya, su ne zai yi wa amfani. Sauti kuwa, ka ɗauke shi daban da waya a cikin leda a bakin gaɓa, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara don haɗa su daga baya.

Mataki na 9: A cikin ruwa

Ka fara ɗaure igiya a hannu. In ba ka da mariƙi mai tasowa, gorar ruwa ta roba wadda ba komai a ciki, an rufe ta da kyau an ɗaura da igiya, za ta riƙe ƙaramar kyamara a sama. Ka gwada a duro ka gani.

Ka shiga a hankali, ban da tsalle da kyamara a hannu, ban da kara ta ƙarƙashin ruwa mai zubowa da ƙarfi. Ka matsa kusa da abin da kake ɗauka, tsakanin rabin mita da mita 1, domin duk tazarar da ka bari laka ce ke cika ta. Amma ƙananan kyamarorin nan ba sa ganin abin da ya fi kusa da kamar santimita 30 da kyau. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana haske ya fi ratsa ruwa. Rana ta kasance a bayanka, ka ɗan ɗaga ido sama maimakon kallon ƙasa. Kada ka taka gindin tafki a inda za ka ɗauka. Taɓon da ka tayar zai daɗe bai kwanta ba. Fitila a ruwa mai laka ƙara ɓata hoto take in tana daf da ido, sai a riƙe ta can gefe.

Idan kana fitowa da kyamara sama, ɗigo yana tsayawa a gilashi. Ka shafa masa ɗan yawu, ka tsoma ka ɗago daf da za ka ɗauka.

Don koyo, ban san wurin da ya kai Wikki ba. Ruwan garau yake, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, ana ganin ƙasansa. Ka dai kula da jakarka, birran wurin ba sa jin kunyar ɗauka.

Lafiyarka ta fi hoton. Kududdufai da bakin dam da magudanan noman rani suna ɗauke da tsargiya, kuma ta fata take shiga. Doguwar sanda tana ba ka hoton ƙarƙashin ruwa kana tsaye a busasshiyar ƙasa. Bututun roba na masu aikin famfo, mai mita 2, da mariƙi a bakinsa ya wadatar. A babban kogi ka fara gaida Sarkin Ruwa ko masuntan wurin, su suka san rami da inda kada ko dorina ke zama. A kwale-kwale ka sa rigar hana nutsewa ko da ka iya iyo. Ka ji tsawa, ka fita daga ruwa ka sauke sanda. Fitilar da ke jone da janareta kada ta kusanci gaɓa. Sannan mashaya wuri ne da mata ke wanki da wanka, yara suna iyo ba kaya. Ka nemi izini, ka kuma kawar da kyamara daga inda bai dace ba.

Mataki na 10: Bayan an fito

Kada ka buɗe. Ka tsoma kwanson a rufe cikin ruwa mai tsabta na minti 15 zuwa 20, kana danna madannai don yashi ya fita. In teku ka shiga, a Legas ko Kribi ta Kamaru, ko wurin ninkaya mai sinadarin kulorin, wannan jiƙon wajibi ne, domin gishirin da ya bushe yana yanka roba. Ban da omo, ban da ruwan zafi. Ka goge, ka shanya a inuwa. Ka busar da hannunka, gashinka da gemunka, domin daga nan ɗigo ke faɗawa ciki. Ka juya murfin ya kalli ƙasa sannan ka buɗe.

In dole ka canza batir a wurin aiki, ka koma cikin mota, ka yi haka ɗin, ka sake duba zobe kafin rufewa. Wajen ajiya, ka bar murfin kwanso a sake don kada zobe ya lotse, ka sa shi a jaka mai rufi saboda ƙurar hunturu. Zoben da ake aiki da shi sosai a canza shi duk shekara.

Mataki na 11: Idan ruwa ya shiga

Ka ga ɗigo a ciki, ka juya idon kyamara ya kalli ƙasa don ruwan ya taru a gaban kwanso, ka fito. Ka kashe ta, ka cire batir da kati nan take. Kada ka kunna don ka ga ko tana aiki, kada ka sa ta a caji. Wutar da ta bi ta jiƙaƙƙen allon wutar da ke cikin kyamara ita ke ƙona shi.

Ka buɗe duk murafe, ka goge abin da hannu ya kai, ka sa ta gaban fanka na wasu awoyi, sannan a roba mai murfi da silika mai yawa na kwana 2 ko 3. Shinkafa ba ta da amfanin da ake ba ta, garinta ma shiga ramuka yake. Ban da shanyawa a rana ko kan murhu. In ruwan gishiri ne ko na laka ya cika ta, busarwa kaɗai ba ta isa ba: bayan cire batir ka ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, ka kai wa mai gyara a ranar ya buɗe ya wanke allon da sinadarin wanke allo kafin tsatsa ta kama.

Batirin da ruwa ya shiga kada ka sake amfani da shi, kada kuma ka ajiye shi cikin jakar kaya, yana iya kumbura ko ya kama wuta. Katin ajiya kuwa yawanci yana tsira. Ka ɗauraye shi, ka goge, ka bar shi ya kwana a busasshen wuri, sannan ka sa a kwamfuta ka kwashe aikin kafin komai.